Abin da Ke Jawo Tafiyar Hawainiya Wajen Kwafe Bayanai a Kan Tef

A ƙarshen watan Fabrairu na shekarar 2011, wasu masu akwatin wasiƙa na Gmail suka wayi gari suka tarar da akwatunansu fayau. Wani gyara da kamfanin Google ya yi wa manhajarsa ne ya zo da kuskure, kuskuren kuwa ya bi kwafe-kwafen wasiƙun da ke kan faifai ya ɓata su. Abin da ya fid da kamfanin kunya shi ne tef, wato irin zaren nan mai maganaɗisu da aka sani a cikin kaset, domin kwafin da ke kansa ba ya haɗe da kowace kwamfuta, balle ɓarnar ta kai gare shi. Sai dai an ɗauki kwanaki kafin a gama dawo wa kowa da wasiƙunsa.

Wannan ya nuna dalilin da ya sa bankuna da jami'o'i da cibiyoyin bincike ba su rabu da tef ba har yanzu. Yana da araha idan aka kwatanta shi da faifai, ba ya shan wuta in yana ajiye a kan kanta, masu ƙera shi suna cewa zai kai shekara 30 idan an adana shi da kyau, kuma ɓarayin intanet masu kulle bayanan mutane su nemi kuɗin fansa ba su da hanyar taɓa kaset ɗin da ke cikin akwati. Amma kukan da aka fi ji daga bakin masu kula da rumbunan bayanai shi ne na jinkiri. An sayi na'urar da takardarta ta ce tana rubuta megabait 360 a daƙiƙa, an kafa ta, sai a ga da ƙyar take yin 40.

Lissafi kaɗan zai fito da girman matsalar. A ɗauka wata ma'aikata tana da terabait 60 a rumbunta na tarayya, wato babbar ma'ajiyar da duk kwamfutocin ofis ke ajiya a cikinta ta layin sadarwa. Ana so a kwafe shi duka tsakanin daren Juma'a da safiyar Litinin, wajen awa 60 ke nan. Dole a riƙa rubuta terabait ɗaya a kowace awa, wato megabait 278 a daƙiƙa, babu tsayawa. Idan gudun ya faɗi zuwa 40, aikin zai ci kwana 17 da 'yan awoyi. Kafin a gama kwafin wannan mako, na makonni biyu masu zuwa sun riga sun wuce lokacinsu, kuma duk abin da ya ɓace a tsakani ya ɓace ke nan.

Yadda tef ke tafiya

Tun 1951 kwamfutar UNIVAC ta fara ajiye bayanai a kan tef, a 1952 kuma kamfanin IBM ya fito da tasa na'urar mai lamba 726. Na'urorin wancan zamani suna iya tsayawa cak su kuma tashi nan take. Sukan saki zaren ya yi lilo a cikin wasu dogayen akwatuna da iska ke tsotsa, ta yadda ɗan guntun da ke gaban kan rubutu kaɗai ake fizga, manyan faya-fayan naɗi su biyo baya a hankali. Bayan kowane kashi na bayanai sai a bar fili fiye da rabin inci babu rubutu, domin zaren ya sami wurin tsayawa da wurin ɗaukar gudu. Wannan fili asara ne, kuma da aka matsa wajen neman cusa bayanai masu yawa a ƙaramin kaset sai aka kusan kawar da shi gaba ɗaya.

Tef ɗin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne LTO, wanda kamfanonin HP da IBM da Seagate suka haɗa kai suka tsara. Na farkonsa ya fito a shekarar 2000 yana ɗaukar gigabait 100. LTO-8 na 2017 yana ɗaukar terabait 12, LTO-9 na 2021 kuwa 18. A cikin kaset ɗin LTO-8 akwai zare mai tsawon mita 960, faɗinsa rabin inci, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na gashin kai ba. An raba wannan faɗi zuwa layuka 6,656, kan rubutu yana rubuta 32 a lokaci guda. In ya kai ƙarshen zaren sai ya ɗan gusa ya juyo, tamkar mai huɗa da ya kai bakin gona ya kama wata kunya. Sai an yi wannan zirga-zirga sau 208 kafin kaset ya cika, kuma zaren yana wucewa da gudun mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa, kwatankwacin gudun mai keke da ke sauri.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan na'ura ba ta iya rubutu sai zaren yana cikin gudu. Tana da 'yar ma'ajiyar wucin gadi a cikinta, kamar randa, inda bayanai ke taruwa kafin su hau zare. A sababbin na'urori girman randar gigabait ɗaya ne, wanda ba ya kai daƙiƙa uku idan ana kwasa da cikakken gudu. Muddin ana zuba mata daidai da yadda take kwasa, lafiya lau. Da zarar randar ta ƙafe, dole na'urar ta rage gudu ta tsaya, amma kafin ta tsaya zaren ya riga ya zarce inda rubutu ya ƙare. Sai ta koma baya, ta jira randar ta taru, ta sake ɗaukar gudu, ta lallaɓa ta sami daidai wurin da ta tsaya, sannan ta ci gaba. Kowane irin wannan juyi yana cin 'yan daƙiƙoƙi. Injiniyoyi sun yi wa abin laƙabi da goge takalmi, saboda zaren yana kaiwa da komowa a kan kan rubutu kamar ƙyallen mai wankin takalmi. Ban da ɓata lokaci, yana cinye kan rubutun, yana kuma tsufar da kaset tun kwanansa bai kai ba.

Masu ƙera na'urorin sun rage kaifin matsalar ta hanyar ba su matakan gudu daban-daban, su riƙa sassautawa idan sun ga bayanai na zuwa a hankali. Amma sassaucin yana da iyaka. Galibi ba sa iya sauka ƙasa da sulusi zuwa rabin cikakken gudunsu, kuma duk abin da ya gaza wannan, goge takalmi zai dawo.

Daga nan ne ake samun wani abu mai ɗaure kai wanda ya sha cin kuɗin ma'aikatu. Ganin kwafi yana jinkiri, sai shugabanni su ba da umurni a sayo sabuwar na'ura mai sauri, ko a ƙara ta biyu. Sau da yawa sai abin ya ƙara lalacewa. Na'urar LTO-4 ta 2007 tana rubuta megabait 120 a daƙiƙa, kuma layin da ke kawo mata 80 ya ishe ta tafiya ba tsayawa. Idan aka sa LTO-8 a kan wannan layi, 80 ɗin ya gaza mafi ƙarancin gudunta. In kuwa aka raba shi tsakanin na'urori biyu, kowace ta sami 40, duka biyun za su kama kaiwa da komowa. A mafi yawan lokuta tef ɗin ba shi da laifi, yunwa ce ake bari ta kama shi.

Inda bayanai ke maƙalewa

Wuri na farko da za a duba shi ne layin sadarwa. Layin Ethernet mai gigabit ɗaya, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 1998 da 1999, ba ya wuce megabait 125 a daƙiƙa ko a takarda, a aikace kuma wajen 110 yake bayarwa. Cika kaset ɗin LTO-8 ta wannan layi zai ci awa 30, alhali na'urar tana iya cika shi cikin awa 9 da kwata. Maganin a nan a fili yake: layi mai gigabit 10 ko fiye, kuma a ware wa aikin kwafi nasa layin, kada ya riƙa gogayya da zirga-zirgar ma'aikata.

Akwai kuma hanyar da za a kauce wa layin ofis ɗungurungum. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Network Appliance, wanda yanzu ake kira NetApp, ya haɗa kai da wani kamfani suka fito da ƙa'idar NDMP. Da ita ana iya haɗa na'urar tef kai tsaye da rumbun ta wayar Fibre Channel. Kwamfutar da ke jagorantar kwafin sai ta tsaya ga ba da umurni da rubuta jerin abin da aka kwafa, bayanan kansu kuwa su bi gajeriyar hanya daga rumbu zuwa tef. Sai dai NDMP ɗin ma ana iya tsara shi ta yadda bayanai za su bi ta layin sadarwa su je wata na'ura, kuma akan sami ma'aikatar da take zaton tana kan gajeriyar hanya alhali tsarinta yana zagaye.

Matsala ta biyu ta fi wuyar magani, ita ce ta ƙananan fayiloli. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana buƙatar wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin allurarsa ta tashi daga wani wuri ta sauka a wani. Idan fayil babba ne kuma a jere yake, sau ɗaya za a yi wannan tsalle, sai karatu ya miƙe. Amma rumbun ofis cike yake da wasiƙu da takardu da 'yan hotuna. A ɗauka akwai fayil miliyan 10, kowanne kilobait 20, jimla gigabait 200. Idan ana buɗe 100 a daƙiƙa, abin da ke fita bai wuce megabait 2 ba, kuma aikin zai ci kusan awa 28. Da a ce gigabait 200 ɗin nan fayil ɗaya ne, minti 9 da 'yan daƙiƙoƙi sun ishi tef ya haɗiye shi. Ga shi kuma kowane fayil ba karatu kaɗai yake buƙata ba: sai an nemo sunansa, an duba mai shi da izinin da ke kansa, an buɗe, an rufe, kuma idan ta layin sadarwa ake yi, kowane mataki tambaya ce da jiran amsa. Mai auna gero da cokali ba zai ƙosar da injin niƙa ba, komai ƙarfin injin.

Ana fuskantar wannan ta hanyoyi da dama. Wasu sukan karanta manyan rassan rumbun da yawa a lokaci guda maimakon bi ɗaya bayan ɗaya. Wasu sukan bar bin fayiloli, su kwafe faifan yadda yake, tubali bayan tubali daga farko zuwa ƙarshe, bayan sun ɗauki hoton yanayinsa na wannan lokaci domin kada ya canza ana cikin aiki. Wannan yana da sauri ƙwarai, amma a wasu tsare-tsaren ciro fayil guda daga irin wannan kwafi yana da wahala, sai an dawo da dukan faifan. Ga tsofaffin takardun da ba a taɓawa kuwa, ɗaure su cikin manyan ƙunshi tun kafin ranar kwafi yana rage wahalar sosai.

Sai batun matse bayanai, wanda yake ruɗa mutane da yawa. Na'urar LTO tana matse abin da aka ba ta kafin ta rubuta, kuma daga LTO-6 zuwa sama alkaluman talla suna ɗauka cewa za a matse kashi biyu da rabi su koma ɗaya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, matsewar tana ƙara wa na'urar ci. Idan bayanan masu matsuwa ne haka, sai an kawo megabait 900 a daƙiƙa kafin LTO-8 ta sami 360 da za ta shimfiɗa a zare. Wato layin da ya ishi hotunan bidiyo, waɗanda ba sa ƙara matsuwa, yana iya barin na'urar da yunwa idan aka zo kan rubutattun bayanai. Haka kuma bayanan da aka riga aka kulle da lambar sirri ba sa matsuwa ko kaɗan. Shi ya sa ya fi kyau a bar wa na'urar aikin kullewa, tunda daga LTO-4 tana iya yi da kanta, kuma tana matsewa ne tukuna sannan ta kulle.

Zango a tsakani

Dabarar da ta fi kowace amfani tsohuwa ce. Maimakon a tura bayanai daga rumbu kai tsaye zuwa tef, sai a tara su a kan wani faifai na musamman da ke jikin kwamfutar kwafi. Su iso a hankali ko da sauri, ba kome. In sun taru da yawa, sai a kwarara su cikin tef a tashi ɗaya da cikakken gudu. Manhajar Amanda, wadda aka fara rubutawa a Jami'ar Maryland ta Amurka a farkon shekarun 1990 domin kwafe kwamfutocin jami'ar masu yawa a kan na'urar tef guda, a kan wannan tunani aka gina ta. Bacula da manyan manhajojin kasuwa duk suna da irin wannan zango.

Sharaɗinsa ɗaya ne: faifan zangon ya fi tef sauri. Faifai mai juyawa guda ɗaya galibi ba ya wuce megabait 200 zuwa 250 a daƙiƙa ko da karatu a jere yake yi, kuma idan ana zuba masa sababbin bayanai a lokacin da ake kwasar na da, gudun zai faɗi ƙasa da haka nesa. Saboda haka akan haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki tare, ko a sa irin ma'ajiyar nan ta SSD marar juyawa. Zangon da bai cika wannan sharaɗi ba ya ƙara tsawon tafiya ne kawai.

Kafin faifai ya yi araha, abin da aka fi yi shi ne cakuɗawa. Ana haɗa bayanan kwamfutoci da yawa su shiga tef ɗaya tare, guntun wannan bayan guntun wancan. Kwamfuta takwas masu ba da megabait 45 kowace sun ƙosar da na'ura mai cin 360. Ranar rubutu abin gwanin sha'awa ne, ranar dawo da bayanai ake gane kuɗinsa. Mai neman na kwamfuta ɗaya dole ya karanta na takwas ɗin duka ya watsar da kashi bakwai. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya kamata ya taƙaita yawan waɗanda yake cakuɗawa, ya kuma keɓe bayanan da aka san za a nema da gaggawa.

Akwai wasu ƙananan saituna da ke da babban tasiri. Manhajar tar ta tsarin Unix, wadda ta fito a 1979, tana aika bayanai a ƙunshi mai bait 10,240 idan ba a ce mata ta canza ba. Wannan ya dace da na'urorin zamaninta. Na'urar yau tana son ƙunshi mai kilobait 256 ko fiye, kuma sauya wannan lamba kaɗai yakan ninka gudun aiki. Sai dai a tabbata cewa kwamfutar da za ta karanta kaset ɗin wata rana tana iya karɓar ƙunshi mai wannan girma.

Wani saitin kuma ya shafi alamar da ake bugawa a ƙarshen kowane fayil a kan zare. Bisa al'ada, idan aka ce wa na'ura ta buga wannan alama, sai ta juye duk abin da ke randarta a kan tef ta tabbatar ya zauna, wanda ke nufin tsayawa da komawa baya. Cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN da ke kusa da Janeba, wadda take ajiye sakamakon gwaje-gwajenta a kan tef, ta yi fama da wannan. Tsarinta na wancan lokaci mai suna CASTOR yana buga alama uku ga kowane fayil, saboda haka fayilolin da ba su da girma sosai suna sa na'urori su ɓata lokaci mai yawa a juyi. Injiniyoyin cibiyar sun bayyana a 2012 yadda suka koma barin alamun su bi ta randa kamar sauran bayanai, ba a tilasta juyewa sai bayan an rubuta abu mai yawa. Ba su canza na'ura ko kaset ba, gudun rubutu ya ƙaru ƙwarai.

Awo kafin gyara

Tunda hanyar tana da gaɓoɓi da yawa, mai hankali ba ya sayen kome sai ya auna kowace gaɓa ita kaɗai. A karanta bayanai daga rumbu a zubar da su ba tare da an rubuta a ko'ina ba, a ga gudun rumbun. A tura bayanan gwaji tsakanin kwamfuta biyu da manhaja irin iperf, a ga gudun layin. A sa kwamfuta ta ƙirƙiri bayanai daga ƙwaƙwalwarta ta rubuta a tef, a ga gudun na'urar. IBM da HPE duk suna ba da manhajojin wannan gwaji. Gaɓar da ta ba da lamba mafi ƙanƙanta ita ce mai riƙe da aikin, kuma gyaran sauran ba zai ƙara ko megabait ɗaya ba.

Idan gwaji ya nuna na'urar ce da kanta take jinkiri, sai a duba tsabtarta. Tana karanta duk abin da ta rubuta nan take, in ta ga bai zauna daidai ba ta sake rubuta shi a gaba. Kan rubutu mai datti ko kaset da ya tsufa yana sa ta yawaita maimaici, gudu ya ragu, kaset ya cika tun bai ɗauki abin da ya kamata ba, kuma duk wannan yana iya faruwa ba tare da an ga saƙon kuskure ba. A ƙasashe masu ƙura irin na yankin Sahel, musamman lokacin hunturu, ɗakin da na'urar take yana bukatar rufi mai kyau da matatar iska. Akwai kaset na musamman na goge kan rubutu, ana sa shi ne idan na'urar ta nuna alamar tana bukata.

Daga ƙarshe akwai tambayar ko dole ne a kwafe kome a kowane mako. Yawancin abin da ke rumbun ma'aikata ba ya canzawa. Ana iya yin cikakken kwafi sau ɗaya, a riƙa ɗaukar abin da ya sauya kaɗai kowace rana, sannan manhaja ta harhaɗa sabon cikakken kwafi daga waɗannan a kan faifan zango ba tare da ta sake damun rumbun ba. Ma'aikatar nan mai terabait 60, idan terabait 2 ne ke sauyawa a mako, su kaɗai za su bi ta layin sadarwa. Harhaɗaɗɗen kwafin kuwa zai fita daga zango zuwa kaset biyar na LTO-8 cikin kimanin awa 46 da na'ura ɗaya, ko rabin haka da biyu, idan faifan zangon yana iya ciyar da su duka.